Babu warin giya, sai ƙamshin mangwaro: Abin da yaran Zongon Kumasi ke zuƙa

Goro ne ya kafa mu a Kumasi. Kakanninmu ayari suka biyo daga Kano da Katsina da Sakkwato, su sauke kanwa da tufafi da fatu a kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, su ɗora wa jakuna huhun goro su juya gida. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, Turawan Ingila kuma suka shiga Kumasi a 1896, sai fatake suka riƙa matsowa kusa da dajin da goron ke fitowa. Masaukinsu ne ya zama Zongo, daga nan muka bazu zuwa Aboabo da Asawase da Sabon Zongo da Sawaba da sauran unguwannin da muke ciki yau.

Na kawo wannan tarihi ne don kada mu yi kamar ba mu san abin wartsake jiki ba. Sinadarin da ke cikin goro, mai kore barci ya danne yunwa, sunansa kafeyin, shi ne kuma ke cikin kofi da ganyen shayi. Ba a ɗaura aure ba goro, ba a raɗa suna ba goro, kuma duk lungun da ka leƙa da dare za ka tarar da samari sun kewaye butar ataya a bes ɗinsu. Wannan namu ne, mun san iyakarsa.

Abin da aka horar da mu mu yi gadinsa shi ne giya. Muna zaune a garin da mafi yawan maƙwabtanmu ba Musulmi ba ne, mashaya ba ta ɓuya, don haka tun yaro na ƙarami ake nuna masa nan ne layin da ba a ƙetarewa. Uwa a Aboabo, idan ɗanta ya dawo da dare, sai ta sa shi ya matso ya yi mata magana don ta ji bakinsa. In babu warin akpeteshi, babu ƙaurin wiwi a rigarsa, sai ta yi hamdala ta koma ta kwanta. To abubuwan da suka kama yaranmu a 'yan shekarun nan ba su da wannan warin. Wani ƙamshin mangwaro yake yi, wani na na'a-na'a, wani a kwalbar lemo yake, wani kuma 'yar ƙwaya ce da ake haɗiyewa da ruwan leda. Mun tsare ƙofa, ɓarawo ya shigo ta taga.

Shisha ta baro otal, ta shigo gidan biki

Farkon zuwan shisha, abin manyan otal-otal ne da wuraren shaƙatawar masu kuɗi. Yanzu kuwa har a daren biki nakan ga an jera tukwane biyu uku a bayan rumfa, ana miƙa wa juna tiyo kamar ana rabon goro. Kuma ba samari kaɗai ba. Binciken shan taba tsakanin matasa da aka yi a makarantun Ghana a 2017, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ya nuna kusan tara cikin ɗari na ɗalibai 'yan shekara 13 zuwa 15 suna amfani da wani nau'in taba, kusan biyar cikin ɗari kuma suna zuƙar sigarin lantarki. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a ciki shi ne, a shan shisha 'yan mata sun fi maza. Wanda ya san Zongo ba zai yi mamaki ba. Yarinyar da ko da wuƙa a wuya ba za ta yarda a gan ta da karan sigari a baki ba, ita ce za ta ɗauki kanta tana busa hayaƙin shisha ta sa a TikTok, don a wurinta wannan gayu ne, ba taba ba.

Taba ce fa. An dai cuɗa ta da zaƙi da ƙamshin 'ya'yan itace. Ruwan da ke gindin tukunyar, wanda yara ke cewa yana tace dafin, sanyaya hayaƙin kawai yake yi, sai ya daina shaƙe maƙogwaro, mutum ya ja shi can cikin huhu ya kuma daɗe yana ja. Karan sigari 'yan mintoci ne ya ƙare, zaman shisha yakan kai awa guda. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa a irin wannan zama mutum na iya shaƙar hayaƙin da yawansa ya ninka na kara ɗaya sau ɗari ko fiye. Ga kuma gawayin da ke ci a kai yana fitar da kabon monoksaid, iskar nan da ke kashe waɗanda suka kwana da janareta ko kurfoti a rufaffen ɗaki. Jirin da ciwon kan da yara ke ɗauka caji ne, wani ɓangarensa jini ne ya rasa iskar kirki. Tiyo ɗaya a bakin mutum shida kuwa, a garin da tarin fuka bai ƙare ba, ba sai na faɗa ba.

Ruwanda da Kenya sun haramta shisha a ƙarshen 2017, Mali ta bi sahu a 2022. A nan Ghana tana ƙarƙashin dokar taba ne, wato Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, wadda ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 taba, ta hana ma a aiki yaro ya sayo ta. Dattawan bes da ke miƙa wa yaro sidi biyu su ce je ka karɓo mini kara, ban sani ba ko sun taɓa jin wannan.

Biro mai ƙamshi

A bara wata yayata ta kira ni da sassafe. "Zo ka ga abin da na tsinta a jakar ɗanka," in ji ta, ta kashe wayar. Na je na tarar da wani abu kamar biro mai kauri, launin ruwan goro, yana ƙamshin mangwaro. Ta fi wata uku tana ganinsa a ɗakin, ta ɗauka wani abin cajin waya ne, sai da ƙanwarsa ta tona. Yaron shekararsa 16, yana aji biyu a babbar sakandare, ba ya fashin sallah, bai taɓa ɗaga wa uwarsa murya ba. Na ja shi waje.

"Kawu, wallahi ba taba ba ce. Tururi ne kawai da ɗan ƙamshi."

"To in tururi ne, bar mini shi sati ɗaya."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Kawu, in ban ja ba, karatu ba ya shiga."

Gaskiya ya faɗa, kuma nan matsalar take. Nikotin, sinadarin da ke kama mutum a cikin taba, yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa goma zuwa ashirin da zuƙa, ya sa ta saki dofamin, abin da ke sa mutum jin daɗi da natsuwa. Bayan kamar awa biyu rabinsa ya bar jini, sai ƙunci ya taso, hankali ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, komai ya riƙa ba mutum haushi. Ya sake ja, ya ji ya dawo daidai. Yaro na ganin abin ne ke taimaka masa karatu, alhali ramin da abin ya haƙa ne yake cikewa. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, kuma sashen gaban goshi, mai auna abu kafin a aikata, shi ne na ƙarshen kammaluwa. Shi ya sa yaro ya fi babba saurin kamuwa, shi ya sa kuma mafi yawan manyan da sigari ya gagare su bari tun suna matasa suka fara. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, sai dai wannan turken ba ya tambayar wayonka.

Sigarin lantarki, wanda ni nake ce wa shishar aljihu, ya fi sigarin gaske iya ɓuya. Babu toka, babu ashana, ƙamshin ya ɓace cikin minti ɗaya. Mai karan sigari sai ya nemi lungu, wannan kuwa a bayi, a ƙarƙashin bargo, tsakanin darasi da darasi, duk ana ja, sai yaro ya yini nikotin bai sauka daga jininsa ba. Wasu ƙanana daga cikinsu na ɗauke da nikotin da ya kai na kwalin sigari guda. Yana ɗaga bugun zuciya da hawan jini, yana kawo tari, yana ɓata barci, ga kuma fargaba marar dalili. Birtaniya ta hana sayar da irin wanda ake sha a yar tun watan Yunin 2025. Mu nan, a 2023 Hukumar Abinci da Magunguna, FDA, ta fito ta ce sayar da shi da tallarsa da shansa don nishaɗi duk sun saɓa wa doka, a shekarar kuma majalisa ta sa masa haraji. Hannu ɗaya ya hana, ɗaya ya karɓi kuɗi, yaro kuma ya yi oda ta WhatsApp a kawo masa har bakin makaranta.

Daga enaji zuwa Red

Shishar aljihu ta 'yan makaranta ce masu ɗan abin hannu. Yaron da ke tuƙa pragya, ko mai koyon kanikanci a Suame Magazine, ko mai dako a Kejetia, nasa daban ne, kuma ba gayu ne ya kai shi ba. Ƙarfi yake nema. Mai pragya sai ya haɗa wa mai keken kuɗin yini kafin ya fara neman nasa, don haka tun asuba yake kan titi har bayan isha'i. Farkon abin da yake kamawa shi ne lemon ƙara kuzari, enaji, wanda ke kowane kiyos da sanyinsa, babu mai tambayar shekarunka.

Gwangwani mai mililita 250 yakan ɗauki kafeyin miligiram 80. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce ga yara da matasa kada a wuce miligiram 3 a kan kowane kilo na nauyin jiki a yini. Yaro mai kilo 50, miligiram 150 ke nan, gwangwani biyu sun riga sun wuce. Na san masu shan huɗu, ga ataya da dare. Tsoho da goronsa ɗaya yakan yini yana gutsura, wannan kuwa a minti biyu ake kwankwaɗe shi da uban sukarinsa. Kafeyin kan yi kamar awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka wanda aka sha da la'asar yana nan har tsakar dare. Barci ya lalace, gari ya waye da gajiya, sai a ƙara wani. Lokacin jarrabawar BECE da WASSCE 'yan makaranta ma sukan shiga layin, har da iyayen da ke saya musu da hannunsu don su kwana karatu.

Ranar da enaji ya daina aiki, akwai abokin da zai ce a jefa ƙwaya a ciki. Da can tiramol ce. Tiramadol maganin ciwo ne mai ƙarfi na dangin ofiyom, ba maganin kuzari ba, amma yana ɓoye gajiya da ciwon jiki har mutum ya ji kamar zai iya ɗaga mota. FDA ta amince da mai miligiram 50 da 100 ne kawai, bisa takardar likita, amma na lungu 120 ne da 225 da 250. Babban mutum ma ba a so ya wuce 400 a yini, don bayan nan jijjiga irin ta farfaɗiya ke biyo baya. A 2018 gwamnati ta tsaurara a kan tiramadol da maganin tari mai kodin. Aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago, sai ga Red.

Red haɗi ne na tafentadol, wanda ya fi tiramadol ƙarfi, da karisofrodol, maganin sassauta jijiyoyi da Turai ta janye daga kasuwa saboda yadda yake kama mutum. Babu ƙasar da ta amince a haɗa su a ƙwaya ɗaya. A watan Fabrairun 2025 binciken BBC ya bi sawun waɗannan ƙwayoyi, masu sunaye irin su Tafrodol da Super Royal-225, daga titunan Tamale har zuwa kamfanin Aveo Pharmaceuticals da ke yankin Mumbai, cikin 'yan kwanaki kuma Indiya ta haramta yin haɗin da fitar da shi. A shekarar ce "Wonim Red" ta zama abin raha a bakin yara, ma'aikatar matasa kuma ta ƙaddamar da gangamin Red Means Stop. Wanda ya taɓa ganin saurayi a tsaye a bakin titi, ya lanƙwashe kamar mai ruku'u, ido a rufe, bai faɗi ba bai kuma miƙe ba, ya san babu raha a ciki. Magungunan biyu duk suna danne numfashi. Mai shan su yakan mutu ne cikin barci.

Yadda muke yi, da yadda ya kamata

Idan asiri ya tonu a gidajenmu, abu na farko duka ne. Na biyu a aske kan yaro a ƙwace waya. Na uku a rufe maganar kada maƙwabta su ji, musamman in mace ce, saboda aure. In abin ya ci tura, a tura shi wajen dangi a arewa, ko a kai shi inda za a ɗaure shi da mari, duk da cewa Hukumar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta hana ɗaure marasa lafiya da sarƙa tun 2017. Ban raina addu'a da nasiha ba, da su muka tashi. Amma duka bai taɓa cire nikotin daga ƙwaƙwalwa ba, abin da yake koya wa yaro shi ne ya ƙware a ɓoyo. Mu kuma ranar wanka muke ta ɓoyon cibi.

Maganin ya danganta da abin da yaron ke sha, kuma haɗa su a kwando ɗaya kuskure ne mai haɗari. Kafeyin shi ne mai sauƙi: a rage a hankali cikin sati ɗaya ko biyu, a yi haƙuri da ciwon kai na 'yan kwanaki, a gyara lokacin barci.

Nikotin ya fi taurin kai, amma barinsa ba ya kisa. Wahalar takan kai ƙololuwa a kwana na biyu da na uku, ta lafa cikin sati biyu zuwa huɗu, kuma kowace ƙishirwar zuƙa in ta taso mintoci ce take yi ta wuce. Yaron da aka gaya wa wannan tun farko ya fi jurewa, don ya san abin yana da ƙarshe. Ga 'yan ƙasa da 18, zama da ma'aikacin lafiya a yi magana shi ne ginshiƙi. Akwai cingam da filastar nikotin masu rage wahalar, amma likita ne zai ce a ba yaro ko kada a ba shi, ba mai kantin magani ba.

Haka muka yi da ɗan yayata. Ma'aikaciyar jinyar da ta gan shi, abu na farko da ta yi shi ne ta ce uwarsa ta jira a waje. Yayata ta ji haushi, amma a rabin awan nan yaron ya faɗi abin da bai faɗa mana ba a sati biyu, har da enajin da yake sha kullum da dare. Suka sa ranar dainawa tare, ta sa shi ya rubuta lokutan da ya fi jin son ja da waɗanda yake ja tare da su. Sau biyu yana komawa. Ta ce mana kada mu ɗauke shi a matsayin cin amana, yawancin masu bari sai sun gwada sau da yawa. Abin da ya fi ba shi wuya ba nikotin ba ne, rabuwa da bes ɗinsu ne, don yaron da ka raba da abokansa ba ka ba shi wasu ba, ka bar shi da waya da kaɗaici. Ƙwallon yamma ce ta cece mu.

Tiramol da Red kuwa, kada a kuskura a kulle yaro a ɗaki a ce ya bari da ƙarfin tsiya. Amai da zawo da zufa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci za su taso, kuma yanke karisofrodol farat ɗaya na iya kawo jijjiga. Likita ne ke rage shi mataki-mataki. Akwai kuma abin da iyaye da yawa ba su sani ba: wanda ya bari na wasu makonni, jikinsa ya daina jure adadin da ya saba, in ya koma ya sha irin na da, nan ne aka fi rasa rai. Satin da yaro ya dawo gida ana murna ya warke shi ne satin da ya fi buƙatar ido.

Ina za a je? Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, haka ma asibitin gwamnati na Tafo, kuma zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na ƙasar, na Accra da Pantang da Ankaful, duk suna can bakin teku, Pantang da Ankaful na da sashen masu shaye-shaye, amma daga Kumasi tafiya ce da kashe kuɗi. A ƙarshen 2024 inshorar lafiya ta NHIS ta shigar da cututtukan ƙwaƙwalwa guda huɗu cikin abin da take biya, shaye-shaye ba ya cikinsu. Gidajen gyaran hali masu zaman kansu kuma da yawansu na coci ne, abin da ke sa iyayenmu ja da baya. Ba na ganin laifin cocin da ya buɗe ƙofarsa. Mu ne masallatai ba su yi mana kaɗan ba, amma ɗaki ɗaya da ma'aikacin jinya zai riƙa zama sau ɗaya a sati ya saurari yaranmu da Hausa ya gagare mu.

Masu tsoron kada a kama musu yaro su sani doka ta canza. Dokar 2020 da ta kafa hukumar NACOC ta mayar da hukuncin wanda aka kama da abin shansa shi kaɗai tara maimakon ɗaurin shekaru, ko da yake wanda ya kasa biya yana iya shiga kurkuku. Mai sayarwa ne doka ta fi nema, kuma a kowane layi an san shi.

Watan azumi ma yana tona abin da sauran watanni ke rufewa. Yaron da la'asar ke yi masa da ciwon kai da faɗa fiye da kowa a gida, kuma da an sha ruwa ko koko bai gama ba ya fice ya dawo fes bayan minti goma, a zauna da shi a tambaye shi cikin ruwan sanyi. Wanda ya iya yin awa goma sha uku bai ja ba ya riga ya ɗauko hanya, shi ya sa watan ya dace da sa ranar dainawa.

In kuwa aka tarar da yaro a kwance ba ya farkawa, numfashinsa na fita a hankali ko yana minshari mai ƙarfi, leɓɓansa sun canza launi, baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura, kada a ɗura masa madara ko manja, kada a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. A kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, a kira 112 ko a sa shi a mota zuwa asibiti mafi kusa. In yana jijjiga kada a tura masa cokali a baki. Akwai allurar naloksan da ke warware irin wannan maye in an kai shi da wuri. A duba aljihunsa a tafi da fankon ƙwayar, a miƙa wa likita, a kuma faɗi gaskiyar abin da ya sha da lokacin da ya sha.